Shaf na Mota: A Sake Shi a Gida, ko a Kai wa Makaniki?

Ba safai mota ta kan lalace ba sai ta fara yin kashedi. Cikin kashedin da ta kan yi akwai wani wanda kusan kowane direba ya san shi. Watau in an zo karya kwana a hankali, an murɗe sitiyari har iyaka, sai a ji wani abu yana ƙas-ƙas-ƙas daga wajen ƙafar gaba, da mota ta miƙe kuma sai ya yi shiru kamar ba a yi ba. Direba ya kan waiwayo ya ce, "Ranka ya daɗe, shaf ne." Daga nan sai shawara ta rabu biyu a ƙofar gidan hakimi. Direba, tun ba ma in ya taɓa zaman gareji da ƙuruciya ba, ya kan ce a sayo kayan kurum, shi zai ɗaura da hannunsa, a huta da biyan makaniki. Malamin da ke riƙe da littafin kuɗi kuwa ya kan tuna da wani gyaran gida da aka taɓa yi wanda ya haifi gyara uku, ya ce a kai birni. Hakimi shi ne zai yanke, ga shi kuwa galibi bai taɓa ganin abin da a ke gardama a kansa ba, don yana can ƙarƙashin mota a bayan taya.

Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin motar hakimi ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce ke kai shi fada ran da Sarki ya yi kira, ita ce ta rangadi da ta zuwa sasanta rikicin gona, kuma a gundumomi da yawa sabo da ita a ke buga ƙofar hakimi da tsakar dare in haihuwa ta zo wa wata da gardama. Motar da ta kwana huɗu a ɗage tana jiran wani ƙarfe daga birni, hasararta ta wuce abin da a ke rubutawa a littafi. Sabo da haka aka ga ya kamata a bayyana mene ne shaf, da abin da sake shi ya ƙunsa, da kuma ta inda kuɗi ke zurarewa, domin wanda zai yanke shawara ya yanke da sani.

Abin da a ke kira shaf

Yawancin ƙananan motocin da ke bisa hanya yanzu, kamar su Corolla da Camry da Accord da Golf, da ƙafafun gaba su ke ja. Injinsu a gicciye ya ke, akwatin giya yana manne da shi, sa'an nan daga akwatin nan sanduna biyu na ƙarfe sun fita, ɗaya ta nufi ƙafar hagu, ɗaya ta dama. Su ne makanikai ke kira shaf. A jikin kwalayen kaya da takardun kamfanoni a kan ga haruffa biyu, CV, kuma ya kamata malamin da a ke aikawa sayayya ya san su.

Aikin shaf shi ne ya kai ƙarfin inji ga ƙafa. Amma fa ƙafar gaba ba wuri ɗaya ta ke tsaye ba. Tana juyawa hagu da dama bisa ga umurnin sitiyari, tana kuma hawa da sauka bisa ga ramukan hanya. Da sanda ce sambal, da ta karye tun a kwanar farko. Shi ya sa aka yi mata gaɓa biyu. Ta waje, wadda a ke kira kan shaf, tana jikin ƙafa. A cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, irin boris amma manya, kowanne yana gudu cikin kwarinsa, da wani keji mai tagogi wanda ke riƙe su a jere. Gaɓar nan tana iya lanƙwasa har wajen digiri 45, watau rabin kusurwar ɗaki, tana kuwa juyawa ba tare da gudun ƙafa ya saɓa da gudun sanda ba. Wannan daidaiton gudu shi ne ma'anar haruffan nan biyu. Gaɓar ciki, wadda ke wajen akwatin giya, ba ta lanƙwasa da yawa haka, amma tana zurmawa ciki tana fitowa, don tsawon sanda ya riƙa raguwa yana ƙaruwa sa'ad da mota ke tsalle. A motoci da yawa 'yan tayoyi uku na ƙarfe ne a cikinta maimakon ƙwallaye.

Kowace gaɓa an cika ta da giris, an lulluɓe ta da wata baƙar roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri, an ɗaure bakinta biyu da zoben ƙarfe. Robar shaf ke nan. Ita ce mafi araha a jikin shaf duka, ita ce kuma ransa.

Dattawan direbobi su kan ce a zamaninsu ba su san wannan ciwo ba, suna kuwa da gaskiya. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka cika hanyoyin Arewa, balle bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, da ƙafafun baya su ke ja, ƙafafun gabansu ba ruwansu da ɗaukar ƙarfin inji. Dabarar gaɓa mai ƙwallaye kuwa ta girme su duka. Wani injiniya na kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙago ta a 1926. Kamfanin Citroën na Faransa ya fito da mota mai ja da gaba a 1934, amma abin bai game duniya ba sai bayan da wata 'yar motar Ingila mai suna Mini ta fito a 1959, da inji a gicciye da gaɓoɓi irin na Rzeppa. Golf ta zo da wannan tsari a 1974, Corolla ta koma kansa a 1983. Da tsofaffin motocin ƙetare suka fara kwararowa, sai shaf ya shiga bakin kowane gareji. Ko Hilux ta zamani mai ja da ƙafa huɗu tana da irinsa a gabanta.

Shaf wanda robarsa ke lafiya yana iya yin shekaru da yawa, wani ma har mota ta tsufa ba a taɓa shi ba. Abin da ke kashe shi kusan kullum ɗaya ne: roba ta tsage. Zafin bazara yana busar da ita har ta yi faso. Tushiyar kara da kututture da ƙaya suna yagarta in an ratsa gona bayan kaka ko an bi burtali, tsakuwar burji tana dukanta. Da ta tsage, juyi sai ya watsar da giris waje, yashi da ƙura da ruwan laka su maye gurbinsa. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kimanin sau 500 cikin kowace kilomita, ashe daga Kano zuwa Kaduna ta juya fiye da sau 100,000. Giris da ya gauraya da yashi kuwa ya zama dutsen washi. Ƙwallaye su ci kwarinsu, su sami wurin motsi, sai ƙarar nan ta fara. In an ji ƙara, aikin gama ya gama. Sabon giris da sabuwar roba za su iya rage ta na ɗan lokaci, amma ba su mai da ƙarfen da ya cinye.

To, a nan ne aikin gida na ainihi ya ke, wanda ba ya bukatar sifana ko ɗaya. Sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane rangadi na hanyar daji, a tsai da mota, a murɗe sitiyari har iyaka, a leƙa bayan taya da tocila, sa'an nan a murɗe ɗaya wajen a sake leƙawa. In an ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin ƙafa ko a jikin ƙarafan da ke kusa, roba ta tsage, ko zobenta ya saki. In an kama abin da wuri, tun ƙara ba ta fara ba, roba kaɗai za a sake, a wanke gaɓa, a cika ta da sabon giris. Gaskiya ne ko wannan sai an kwance shaf, don haka kuɗin aiki bai ragu sosai ba. Amma kuɗin kaya ya zama ɗan kaɗan, sa'an nan mota ta tsira da shaf ɗinta na asali, wanda galibi ya fi abin da za a samu a kasuwa. In a daji aka gani, a naɗe wurin da leda mai tsabta, a ɗaure, a tafi sannu har a kai gari. Wannan dabarar kai wa gari ce kurum, ba gyara ba ce.

A san ciwo kafin a sayi magani

Ba kowace ƙara ta ƙafar gaba ce shaf ba, kuma kuɗi masu yawa sun tafi wajen sake shaf mai lafiya. Ƙas-ƙas ɗin da ke zuwa da kwana, yana sauri in mota ta yi sauri, na kan shaf ne. Hanyar tabbatarwa ita ce a je fili, kamar filin kasuwa ran da ba ta ci, a murɗe sitiyari duka a yi ta zagaye sannu, gaba da baya, hagu da dama, wani yana tsaye a waje yana sauraron ko wace ƙafa ce. Gaɓar ciki kuwa da wuya ta yi irin wannan ƙara. Ita makyarkyata ta kan sa mota in an taka mai, musamman a hawa ko da kaya, da an ɗaga ƙafa kuma sai ta daina. Amma gurnanin da ke ƙaruwa da gudu a miƙaƙƙiyar hanya, galibi boris ɗin ƙafa ne. Ƙwanƙwasa a gargada ko a rami ta fi kama da boljoyin ko wani daga ƙarafan da ke riƙe da ƙafa. Rawar sitiyari in an taka birki, wannan sha'anin faifan birki ne.

Shaf mai ƙara ya kan ɗauki makonni yana aiki, wani har watanni, shi ya sa a kan yi sakaci da shi. Ran da ya karye kuwa, inji zai yi ta kuka, giya tana shiga, amma mota ba za ta gusa ko taki ɗaya ba, ko da ya ke ɗaya shaf ɗin lafiyarsa lau, domin ƙarfin duka ya kan zube ta wajen da ya karye. Guntun sandar da ke lilo yana iya tsinka tiyon birki. Har wa yau, mota mai giyar otomatik in shaf ɗinta ya karye, sa ta a P ba ya riƙe ta a gangara, sai birkin hannu da dutse a bayan taya. Ya kamata kowane direba ya san wannan.

Abin da aikin ya ƙunsa

Sake shaf ba aikin asiri ba ne. Gwani mai cikakkun kayan aiki ya kan gama ɓangare ɗaya cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda bai saba ba, yini guda bai yi masa yawa ba, in abin ya zo da sauƙi ke nan.

Farkon cikas shi ne babban notin da ke tsakiyar ƙafa, wanda ke riƙe da kan shaf. Girmansa galibi milimita 30 ne, ko 32, ko 36, kuma a Toyota da yawa mai kusurwa goma sha biyu ne, ba shida ba. An daddage leɓensa cikin wani ɗan kwari, ko an soka masa fin, don kada ya warware. Sai da soket mai daidai da shi da dogon hannu mai ƙarfi za a iya motsa shi. Wanda ba shi da su ya kan koma ga kurfi da guduma, ya ɓata noti, ya ɓata zaren da ke ƙarƙashinsa.

Sa'an nan a ɗaga mota. Wannan shi ne wurin da ya fi hatsari a aikin duka, kuma shi ne aka fi rainawa. Jak an yi shi don sake taya, ba don mutum ya sa kansa ko hannunsa ƙarƙashin mota ba. Aikin shaf kuwa aikin fizga ne da bugu, mota tana girgiza. A ƙasa mai yashi, irin ta ƙofar gidaje da yawa, jak ya kan nutse ko ya zame. Bulon siminti kuma ba abin dogara ba ne, ya kan dagargaje farat ɗaya ba tare da kashedi ba. Lalle ne a sami matokarai na ƙarfe, a kafa su bisa daɓe ko bisa katako mai kauri, a kuma tokare ƙafafun baya. Gidan da ba shi da waɗannan, maganar gyaran gida ta ƙare tun daga nan.

Bayan an cire taya, sai a raba boljoyin, ko a kwance kusoshin da ke haɗa ƙafa da shokabzoba, a janyo ƙafa waje, a tura kan shaf ya fita daga cibiyarta. In tsatsa ta kama shi sai da bugu, amma bugun guduma tsirara a kan zare yana baje shi. Duk wannan lokaci dole a lura kada nauyin ƙafa ya rataya a tiyon birki ko a wayar nan siririya ta birkin ABS. In ta wajen shokabzoba aka kwance, mai yiwuwa ne saitin ƙafa ya gota, sai an kai an gyara, in ba haka ba taya ta ci gefe ɗaya.

Wajen akwatin giya, wani ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe da shaf daga ciki. Sai an sa ƙarfe a gindin gaɓar an ɓamɓare ta da ɗan bugu guda mai kaifi. Wanda ya kama sanda ya ja, gaɓar ciki za ta rabu biyu a hannunsa, gindinta ya zauna a inda ya ke. Man giya ya kan zubo in shaf ya fita. Ba duk motoci ne haka ba: a Golf da yawa gaɓar ciki da kusoshi shida aka ɗaure ta, masu kai kamar tauraro, waɗanda ba su kwantuwa sai da makullinsu na musamman. A Camry kuwa shaf na dama yana da wani boris a tsakiya cikin mariƙinsa, in ya yi tsatsa ya manne, shi kaɗai ya isa ya cinye rabin yini ko a hannun gwani.

Mai da sabo yana da wurare uku da a ke kuskure. Na farko, a bakin akwatin giya akwai wata 'yar roba mai tare mai, wadda a ke kira sil. Haƙoran shaf suna iya yankarta wajen shiga, mai ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan ba wanda ya sani, har akwatin giya ya bushe ya ƙone, gyaransa kuwa ya ninka kuɗin shaf sau da yawa. Na biyu, sai an tura shaf har ɗan zoben nan ya kama, an ji ya ce ƙas, an ja an ji bai fito ba. Wanda bai zauna ba ya kan zare a hanya. Na uku shi ne ɗaurin babban noti, wanda ya kamata a dakata a kansa.

Notin nan ba shaf kaɗai ya ke riƙewa ba, shi ne ke matse boris ɗin ƙafa ya zauna daidai. In ya yi sako-sako, boris ya yi wasa ya mutu. In ɗauri ya wuce kima, zare ya miƙe, boris ya sha wahala. Sabo da haka kamfani ya ƙayyade wa kowace mota awonta, da ma'aunin da a ke kira niyuton-mita. Corolla ta 2003 zuwa 2008, awonta 216 ne. Camry ta 2002 zuwa 2011, 294. Fassararsa ita ce, 216 daidai ya ke da a rataya nauyin kilo 22 a ƙarshen hannun sifana mai tsawon mita ɗaya, 294 kuwa kilo 30. To, a dubi abin da a ke yi a wurare da yawa: a zura bututu mai tsawon mita a hannun sifana, ƙato mai kilo 70 ya hau ƙarshensa, har ya yi tsalle. Ko bai yi tsalle ba, ya ninka awon Corolla sau uku. Akwai sifana mai awo, wadda ta kan yi ƙara in an kai adadin da aka saita. Inda babu ita, lissafi yana taimako: mutum mai kilo 70 in ya tsaya cik, ba tsalle, a wajen santimita 30 daga tsakiyar noti, hannun sifana yana kwance daidai, ya kusanci awon Corolla. Wannan kintace ne, amma ya fi tsalle nesa ba kusa ba. Noti kuma sabo a ke sawa, a daddage leɓensa, kada kuwa a tura mota ko taki ɗaya kafin a ɗaure shi.

Lissafin malami

A Ingila da Amurka a kan biya makaniki bisa ga awa, ladan aikinsa kuwa sau da yawa ya kan kai kuɗin shaf ko ya fi. Shi ya sa mutanen can su ke ganin riba in sun yi da kansu, ga su kuwa da ɗakin mota mai daɓe da kantin kaya kusa. A ƙasar nan al'amarin a juye ya ke. Kaya su ne masu tsada, don daga ƙetare su ke zuwa, kuɗin aiki kuwa shi ne ƙaramin rabo. Wanda ya ɗauko lissafin can ya aza a nan, ya ɗauko rigar da ba a auna da shi ba.

In malami ya ja layi a tsakiyar shafi, zai ga kuɗin shaf ya faɗa ɓangare biyu daidai, haka sabon noti da man giya, haka kuɗin zuwa birni, don ko a gida za a yi aikin sai an je an sayo. Abin da ya rage a ɓangaren makaniki shi ne ladansa. A ɓangaren gida kuwa akwai soket da dogon hannu da matokarai da sifana mai awo, wadda ita kaɗai ta kan fi ladan aikin. Akwai kuma abu biyu da ba su da farashi a kasuwa. Ɗaya shi ne kwanakin da mota za ta yi a ɗage in kayan da aka sayo bai yi daidai ba, ga gari da nisa, ga motar da za a koma da ita ita ce a kwance. Ɗaya kuma shi ne wanda zai ɗauki hasara in aiki ya ɓaci. Makaniki in ya yanka sil, a kan mai da masa mota ya gyara. Direban gida in ya yanka, ba wanda za a kama sai aljihun hakimi, sai kuma zaman lafiyar da ke tsakaninsa da yaronsa.

Ba a ce gyaran gida ba shi da wuri ba. Gundumar da ke nesa da gareji, mai direban da ya yi koyo sosai a hannun makaniki har ya taɓa yin wannan aiki, mai daɓe da matokarai, tun ba ma in akwai mota biyu ko uku iri ɗaya a gidan ba, sayen kayan aiki zai biya kansa. Amma a fara da motar da ba a jira, a kuma fara da safe, ba jajiberen tafiya ba. Motar da ta ke ta Hukuma ko ta Masarauta kuwa, kada a kwance ko kusa ɗaya a jikinta sai da iznin ofishin da ya ba da ita.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske

Wanda ke son tsimi, wajen sayen kaya ya kamata ya sa ido. Shaf iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na kamfanin motar, mai kyau mai tsada. Akwai sabo mai araha cikin kwali mai ƙyalli, wanda ingancinsa ya bambanta ƙwarai: wani ya yi shekaru, wani tun ran da aka ɗaura shi mota ke makyarkyata, wani kuma robarsa ba ta ganin damina biyu. Akwai kuma na Beljiyam, watau na asali da aka ciro daga motocin da aka yanka a ƙetare. Mai kyau daga cikinsu ya kan fi sabo mai araha, amma sai an duba: a buɗe ninkin roba a ga babu faso, a riƙe sanda a murɗa kai a ji babu wasa, a lanƙwasa shi ta ko'ina a ji yana tafiya sumul. In sanda da gaɓar ciki suna lafiya, kan shaf kaɗai a ke iya sakewa. Ba kuma tilas ba ne a sake hagu da dama tare, sai in dukansu sun nuna ciwo.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, mai sayarwa zai tambayi sunan mota da shekararta, amma wannan bai isa ba. Shaf na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba. Na otomatik da na giyar hannu su kan bambanta, haka na babban inji da na ƙarami, haka motar da aka ƙera don Amurka da wadda aka ƙera don Turai, ko da sunansu ɗaya. Malami ya kwafi lambar shasi, wadda galibi haruffa da alƙaluma 17 ce, ba tare da kuskure ba. Mafi kyau duka, a tafi da tsohon shaf, a jera shi da sabo a ƙasa, a gwada tsawo, a ƙidaya haƙoran kai da na gindi ɗaya bayan ɗaya, a duba ko akwai zoben haƙora na ABS a jikin kai, a ƙidaya nasa su ma. Haƙori ɗaya in ya saɓa, ba zai shiga ba. A karɓi rasit, a kuma rubuta a bayansa sharaɗin da aka yi na mayarwa, da yawan kwanakin da aka yarda.

Wajen makaniki ma ba a ajiye mota a juya baya. Makanikai da yawa gwanaye ne na gaske, sun kwance shaf fiye da yadda za su iya ƙirgawa. Amma gareji mai yawan aiki ya kan bar wa yara, yaro kuwa da abin da ya gani ya ke koyi. A yi ciniki tun da fari, kuɗin aiki dabam, kuɗin kaya dabam. Direba ya tsaya a wurin, kuma ya nemi maigidan gareji da kansa ya duba sil, ya tabbatar shaf ya zauna, ya ɗaure babban noti. In roba a ke sakewa, a ga an zuba girisin da ya zo tare da ita cikin kwali, wanda na kan shaf baƙi ne, ba jan giris na gama-gari ba, a kuma ga an ɗaure ta da zobenta na ƙarfe, ba da waya ko tsinken robar taya ba. A auna man giya, a cika da irin wanda littafin motar ya ambata, domin akwatin otomatik ba ya yafe baƙon mai. Tsohon shaf kuwa a sa shi a but a komo da shi gida, shi ne shaidar an sake, shi ne kuma abin gwaji in an sake bukata.

Kafin a biya, a fita gwaji tare da makaniki: zagaye a fili hagu da dama, sa'an nan miƙaƙƙiyar hanya a taka mai a ji ko akwai makyarkyata, a duba ko fitilar ABS ta kama. Malami ya shigar a littafin mota da kwanan wata, da adadin kilomitar da mita ta nuna, da ɓangaren da aka sake, da irin shaf ɗin da wurin da aka saye shi, da garejin da ya yi aikin. Da dare a ajiye mota a wuri mai tsabta, ko a shimfiɗa kwali ƙarƙashin akwatin giya. In gari ya waye an ga ɗigon mai a kansa, kada a tafi rangadi, a koma gareji ran nan.